Yatsuna ne suka yi min karatu

"Iliya, karanta min takardar buhun nan," in ji maigidana a kasuwar auduga ta Malumfashi, ina saurayi.

Ni kuwa tun firamare haruffa rawa suke min a ido. Ba irin bulalar da ban sha ba.

Na cusa hannu cikin buhun, na ce, "Ranka ya daɗe, takarda ta fi ƙarfina. Amma audugar nan an yayyafa mata ruwa don ta ƙara nauyi."

Aka zazzage, sai ga tsakiyarta sharkaf. Daga ranar ni ke tantance auduga.

Jiya 'yata ta ce min rawar haruffan nan lalura ce, likitoci sun san ta. Ko murna na kasa yi. Sai yanzu, bayan na tsufa da sunan daƙiƙi?

Ku wa kuke kira haka a gidanku?