Garin da Inna ke nema

Ana sallame sallar asuba muka bar Kankiya, ni da yayana a kan babur ɗinsa, sai Dudunni ta ƙasar Kusada. Ba yawo ya kai mu ba. Kakarmu Inna ta kwana huɗu ba ta ci abin kirki ba. Tun da wani ciwo ya taɓa mata harshe, Hausa ta gudu, sai Fulatancin yarinta, mu kuwa ko gaisuwa ba mu iya ba. Kalma ɗaya take ta maimaitawa: gaari.

Na jiƙa mata garin kwaki da sukari da gyaɗa, ta kau da kai. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ta tuƙa amala ta ce ita ce ke tayar da marar lafiya a wajensu. Inna ta kalli baƙin tuwon, ta kalle ni. Yayana ma cewa ya yi garinsu take son a kai ta. Shi ne na ce a daina kame-kame, mu je wajen ƙanwarta Goggo, tunda wayar gidanta kullum a kashe.

Kwalta ba laifi har Kusada. Daga nan hanyar ta zama taɓo da ramuka, gero ta ko'ina ya fi mu tsayi, wake na yaɗo a ƙarƙashi. Yayana ya tsaya cin waina a wani ƙauye, na tsaya a kansa har ya haƙura da rabi. Awarar wurin dai na yaba, da zafinta, yaji har hanci.

Mun tarar da Goggo tana kaɗa nono. Sai da ta gama tambayar kowa har awaki, ina ta cije baki, sannan na faɗa mata.

"Mi kunka ba ta?"

"Garin kwaki."

Ta yi dariya har ta ajiye maburgi. "Ɗiyata, kunu take so. Can Adamawa inda aka haife mu, kunu shi ne gaari."

Ta zaunar da ni ta nuna mini irin na uwarsu: a niƙa gyaɗa a tace, a dafa da 'yar shinkafa har ta fashe, a ɗaure da gasara, a sauke, sai kindirmo maimakon tsamiya. Na ce a ƙara wuta mu yi sauri. Ta ce in taɓa murhun in gani.

La'asar ta yi mana a gida, da kindirmo a jarka. Na dama, ina tsoron kar wannan ma ta ture. Inna ta shinshina, ta karɓe ludayin daga hannuna, ta sha bakwai ina ƙirgawa.

Shekara ashirin ina ɗaki ɗaya da matar nan ban taɓa tambayarta abin da uwarta ke dafa mata ba. Yanzu kullum da safe ina nuna mata abu ɗaya a ɗakin, ta faɗa mini sunansa.