Gangarar Bakin Coci

Lokacin da nake koyar da fiziks a Samaru, ina da wata tsohuwar mota da ba ta jin maganar makulli, sai turi. Don haka ran Lahadi nakan riga kowa isa cocinmu na Sabon Gari, in ajiye ta a saman 'yar gangarar bakin ƙofa. Aikin da injin ya yi wajen hawa ba ya ɓacewa, tudun ne ke riƙe mini shi har a tashi sujada. In saki birki, ta gangara, in sa giya, ta tashi.

Ranar da na ɗauko surukata, wadda na ɓoye wa halin motar, sai na tarar an kafa rumfar biki a wurin. Wa'azin ranar bai shige ni ba.

Da aka tashi na raɗa wa matan zumunta damuwata. Suka ɗaure zannuwa suka kama turi, har da waƙa, surukata na zaune a baya.

Muna hawa titi ta ce, "Malam, ashe haka ake ji da kai a garin nan?"

Na ce, "Alherin Allah ne, Mama."