Tukunyar da Baƙuwar Likita ta Zana Mini

Shekarun baya, a farkon lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, wata Laraba bayan la'asar mu shida ne a tsakar gidana a Zaitawa, cikin birnin Kano. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda har yau ban taɓa kama sunansa ba, da matarsa mai jego, da jaririyarsu. Akwai ƙanin marigayi maigidana, tsohon falken goro, sai maƙwabciyata da ta shekara talatin tana hura mini wutar wankan jego. Biyu a cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage suna jin nauyina, ba su taɓa ba da labarin nan ba, shi ya sa zan ba da shi da bakina.

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakacina abin da zan yi salla. Abin da na iya shi ne jego. Daga unguwarmu har Ƙofar Wambai, in mace ta haihu aka ce ni ce zan yi mata wanka, uwarta barci take yi. Ruwana sai ya tafasa ya yi ƙara, ganyen darbejiya nake tsomawa in fyaɗa, safe da yamma har kwana arba'in. Kunun kanwata kuwa, ludayi yana iya tsayawa a ciki. Ba na wasa, ba na son gardama, kuma ina taƙama da cewa babu abin da ke wuce idona a gidan nan.

Kakanninmu daga Barno suka zo, goro ne sana'ar gidan. Ɗana ya zauna da matarsa a wani gari na arewacin ƙasar Kwaddibuwa yana ɗauro kaya. Tana da ciki wata takwas yaƙi ya raba ƙasar biyu. Shi ya ba ni labari daga baya: likitocin asibitin gwamnati suka tsere kudu, magani ya ƙare, wuta ta ɗauke, sai 'yan ma'aikatan jinya da suka ƙi tafiya. Ana haka sai ga wasu likitoci daga ƙasashen waje. Ba su kafa nasu wurin ba, cikin wannan asibitin na gwamnati suka shiga. Suka kawo magani da man janareto, suka riƙe ma'aikatan da suka rage, aka sake buɗe ɗakin haihuwa. A nan yarinyar ta haihu, bayan jijjiga ta kama ta, jininta ya hau har ta fita hayyacinta.

Da hanya ta ɗan lafa suka biyo babbar mota ta Burkina da Nijar. Suka iso mini a galabaice, jaririyar tana da kwana goma sha shida. Na dubi mai jegon, duk ta zama ƙashi. Na tambaya wa ya yi mata wanka. Aka ce babu. Kwana goma sha shida, mace da ɗanyen jiki, ko ruwan ɗumi bai taɓa ta ba. Raina ya ɓaci.

Washegari na sa aka ɗora tukunya. Sai ga ɗana ya zo ya durƙusa, da wani kati a hannu da 'yan ledoji biyu na ƙwayoyi.

Ya ce, "Inna, likitar da ta karɓi haihuwar ta ce kada a ba ta kanwa, kada a yi mata wankan tafasasshen ruwa. Ta ce da mun iso a kai katin nan asibiti."

Na ce, "Likitar ce ta haife ka?"

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Mutanen da suka baro ƙasarsu lafiya lau suka je inda ake harbi, ka tambaye su me suke nema? Kawo nan."

Lokacin kuwa ana ta 'yan maganganu a gari kan magungunan baƙi, ni kuma kunnena a buɗe yake ga irin wannan. Na karɓi katin, na juya gaba, na juya baya, na tura shi ƙarƙashin katifa. Ƙwayoyin na sa su a langar da ke can ƙasan jerena, na rufe. Da ya sake tambaya da yamma, don in kashe maganar, na ce masa na zubar. Matarsa kuwa tana ji, ta ci gaba da shayar da jaririya. Wace yarinya ce za ta ɗaga ido ta yi musu da uwar mijinta?

Muka fara. Tana shan kunu ina tsaye a kanta sai ta ga ƙasan kwano. Cikin mako guda fuskarta ta ciko, ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul, zoben hannunta ya ƙi fita. Daɗi ya kama ni. Mata suna shigowa barka ina nuna musu ita.

Ina cewa, "Ku ga yadda jego ya karɓe ta. Da kun gan ta ran da ta zo, kamar kara."

Ƙanin maigidana kaɗai ke iya taɓa ni, don akwai wasa tsakaninmu. Kullum ya shigo ya tarar da hayaƙi sai ya ce, "Uwargida, kin mai da 'yar mutane kaza, kullum a ruwan zafi. Yaushe za a fige?"

In ce, "Kai da ko ruwan alwala sai an surka maka, me ka sani?"

Amma na ga abubuwa, ba zan ɓoye ba. Na ga ta daina kwanciya, a zaune take barci ta jingina da bango. Na ce sangarta ce. Na ji tana tari in ta sunkuya. Na ce sanyin hanya ne bai gama fita ba, na ƙara kanwa.

Ranar Larabar nan, kwana goma sha ɗaya da farawa, muna gama wankan yamma ta fito daga makewayi tana dafa bango. Taku huɗu ta yi ta zauna a ƙasa, tana numfashi kamar wadda ta hau Goron Dutse da gudu. Leɓenta ya canza. Na kama ƙafarta don in ja ta kan tabarma, babban yatsana ya nutse a ƙaurinta. Na ɗauke hannu, ramin ya tsaya kamar na malmalar tuwo, bai ciko ba.

Maƙwabciyata, wadda ba ta taɓa gyara mini magana ba, ta ce a hankali, "Hajiya, wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne."

Ɗana da ƙanin ubansa suna zaure, aka kira su. Na ce a ɗauko katin nan ƙarƙashin katifata. Aka miƙa wa tsohon falke, tunda shi ya shekara da shekaru a can. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi.

Ya ce, "Faransancina na bakin iyaka ne, daga nawa ne sai ka yi haƙuri. Wannan na likitoci ne, ya fi ƙarfina."

Sai ya juya bayan katin. Bai ƙara wasa ba. Ya ɗago ya dube ni, ya miƙo mini.

A bayan katin an zana tukunya a kan murhu, da harsunan wuta a ƙarƙashinta, an ja mata layi biyu an soke. Gefenta kwano ne da ludayi da 'yan dunƙulen kanwa, su ma an soke su. Na riga na ga zanen nan tun ranar farko. Ban yi boko ba, amma na san tukunya.

A nan ne yarinyar ta yi mini doguwar magana karo na farko tun da aka kawo ta gidan nan. Tana yi tana hutawa.

Ta ce, "Inna, ke aka zana wa. Likitar ta tambaye ni wa zai kula da ni in na koma gida. Na ce uwar mijina. Wata ma'aikaciya da ta tashi a zangon Hausawa ta gaya mata yadda muke jego. Sai ta ce, uwar mijin naki tana karatu? Na ce a'a. Ta ce to tana da ido? Na ce duk unguwa babu mai idonta. Ta yi dariya, ta zauna ta zana. Ta ce in gaishe ki, in ce ta ba ki amanata."

Ta huta, ta ce, "Ƙwayoyin kuma, na kwana bakwai suke ba kowa, don motar magani ba kullum take samun wucewa ba. Ni ta ƙirga mini na arba'in saboda nisan hanya. Ma'aikaciyar ta ce mini, ki sha su da kyau, a bakin wata aka cire."

Ɗana bai dube ni ba. Ƙasa yake kallo ya ce, "Inna, da gaske an zubar?"

Ga langar can cikin ɗaki, taku goma tsakanina da ita. Amma na riga na faɗa a gabansu cewa na zubar, kuma ni ban saba janye magana ba. Na yi shiru. Wannan shirun ya fi komai tsaya mini a rai, har ya fi wankan. Wankan ina iya cewa haka na gada. Shirun nawa ne ni kaɗai.

Lungunmu mota ba ta shiga, sai ɗaukar ta aka yi zuwa bakin titi, aka nufi babban asibiti da katin. Ni aka bar ni da jaririya. Ɗana ya dawo ɗaukar bargo ya gaya mini abin da likita ya ce: ruwa ya taru a ƙirjinta, zuciya ta gaji da turawa. Likitan bai iya Faransanci ba shi ma, amma ya gane sunayen magungunan da ke katin, ya ce su ne daidai, da ta ci gaba da sha da wuya a kai haka. Ya tambaya ina sauran ƙwayoyin. Ɗana ya ce masa sun ɓata a hanya. Ya rufa mini asiri, ya fita bai jira amsata ba.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ta tashi, ta ƙara haihuwa uku bayan nan, kuma jaririyar nan yau ita ma uwa ce. Ban daina jego ba, don akwai alheri a cikinsa: mace ta huta, a ciyar da ita, a kula da ita kwana arba'in. Amma tun daga lokacin ruwana mai ɗumi ne, kanwa kuwa sai na danna ƙafar mace na gani, in an ce jininta yana hawa ko ƙanshinta ba ta ji. Mata sun yi ta cewa Hajiya ta tsufa, hannunta ya yi sanyi. Na bar su.

Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ni nawa ba rashin sani ba ne. An aiko mini da saƙo da harshen da nake ji, na kife shi ƙarƙashin katifa. Na tambayi ɗana me baƙin nan suke nema a wurin yaƙi, kuma har yau ban san amsar duka ba, zuciyar mutum sai Allah. Abin da na sani shi ne, wata mata da ban san sunanta ba, ban san ƙasarta ba, ban san ko tana salla ba, ana harbi a bayan katangarta ta sami lokacin da za ta tuna da wata tsohuwa a Kano da ba ta iya karatu ba. Ba ta raina ni ba. Ni ce na raina ta, ina zaune cikin gidana lafiya. Duk sanda na ji a rediyo an ce yaƙi ya ci wani gari, likitocin waje sun shiga asibitinsa, sai in ajiye abin da nake yi in yi musu addu'a, da su da 'yan ƙasar da suka ƙi gudu.

Washegarin Larabar nan, da na idar da asuba, maƙwabciyata ta shigo da itace kamar kullum, ta tsaya tana kallona. Na ce ta mayar. Na juye ruwan tukunyar a rariya, na kife ta a bayan ɗaki. Na sauke jerena ɗaya bayan ɗaya har na kai langar ƙasa. Na dama koko ba kanwa, na goya jaririya, na taka da ƙafata har asibitin.

Na tarar da likita a bakin gadonta, ga ɗana, ga ƙanin ubansa. Na kwance bakin zanina na ajiye ledojin a gabansu.

Na ce, "Ba su ɓata a hanya ba. Ban kuma zubar ba. Ni na ɓoye su."

Likita ya duba, ya ce suna nan da kyaunsu, a ci gaba da ba ta. Sai a lokacin na lura leda ɗaya an zana mata rana, ɗaya an zana mata jinjirin wata. Ban tambayi kowa ba. Na buɗe mai ranar, na ɗauki ƙwaya ɗaya, na durƙusa a gaban matar ɗana na sa mata a tafin hannu.

Na ce, "Amanarki aka ba ni. Ki yafe mini."

Ta ce, "Inna, tashi, mutane suna kallo."

Na ce, "Su kalla. Haɗiye in gani."