Ranar da Giwa Ta Tsallaka Titi

Inna Mai Tukwane kowa yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni maƙwabcinta ne, kuma ni nake kawo mata itace tun tana da tukunya ɗaya da murhu ɗaya. Katanga ce kawai tsakanin gidana da filin da take girki, katangar kuma ba ta da tsayi.

Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, bayan hannunta duk tabon wuta. Abincin taro take dafawa, na biki da na makoki da na ofis. Ba ta auna gishiri da cokali, ba ta kuma ɗanɗanawa. Sai dai ta ɗaga murfi, ta sunkuya cikin tururi, ta ce, "Saura kaɗan," ko ta ce, "Ku janye itace." Tukwanenta kowace da sunanta. Babbar cikinsu ita ce Giwa, wadda in ta cika sai an zura mata sanda mai kauri a kunnuwa biyu, ƙarti sun ɗauka a kafaɗa.

A titinmu akwai ofisoshin jam'iyyu biyu suna kallon juna. Na 'yan shuɗiyar hula yana jikin filin Inna, mai fenti da fanka da labule. Na 'yan rawayar hula yana tsallake, shago ne ƙarami mai benci ɗaya. Tun da muka yi wayo 'yan shuɗi ke riƙe da majalisar ƙaramar hukumarmu, shugaba nasu, kansiloli nasu. Marigayi mijin Inna shi ne direban motarsu mai lasifika, ta nan ta zama mai dafa musu abincin murna. Da yake ba su taɓa faɗuwa ba, ba a jiran rediyo. Washegarin zaɓe tun da asuba ake hura wuta, kafin a gama karanta sakamako shinkafa ta nuna.

Inna tana da ƙane guda, autan gidansu, kuma Auta take ce masa har ya yi furfura a gemu. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, a bayan Inna ya girma tana juya miya. Abin da ya fi so a duniya shi ne ƙanzo, wannan ɓawon da ke manne a gindin tukunya bayan an kwashe shinkafa. Tana da wani ɗan kwano mai murfi da take kankare masa a ciki. Ya yi aure, ya zama kafinta mai shagon kansa, amma duk ranar da aka yi babban girki sai ka gan shi ya leƙo da ƙurar katako a gira yana cewa, "Yaya, an kai ƙasa?"

Kwata ce ta shiga tsakaninsu. Duk damina ruwa yakan cika ta, ya malalo cikin shagon Auta da gidajen layin. Ya je wurin kansilan mazaɓarmu, wani dattijo mai fara'a da ya daɗe a kujerar, ya ce masa, "Ana nan ana dubawa." Ya koma wata shekarar, ana nan ana dubawa. Wata safiya sai muka ga Auta a tsallake zaune a bencin nan, da rawayar hula a kansa.

Ina jera itace lokacin da ya shigo filin da yamma.

"Auta, me na gani a kanka?"

"Hula ce, Yaya."

"Mutanen da suka ɗauki gawar mijina a kafaɗarsu za ka juya wa baya?"

"Ban juya wa kowa baya ba. Katakona ne yake ruɓewa."

"To, wanda ƙafarsa ta tsallaka titin nan, cikinsa ma ya bi shi."

Ya gyara zaman hularsa. Sannan ya ce, "Shi ke nan, Yaya. Ba zan ƙara cin abin tukunyarki ba sai ranar da tukunyar ta tsallako ta same ni."

Jini ɗaya ne, taurin kai ɗaya. Ba su daina gaisawa ba. Matarsa takan zo ta taya Inna yankan albasa, ta ci ta ƙoshi ta tafi. Ƙofar filin ta taɓa ɓallewa, Inna ta dawo daga kasuwa ta tarar an sa mata sabon ƙarfe, ba ta tambayi kowa ba. Amma shi bai sake cewa an kai ƙasa ba. Ita kuwa ba ta daina kankarewa ba. Takan cika ɗan kwanon, ta rufe, ta ɗora a kan katanga ta ɓangaren da ake hangowa daga titi. In rana ta yi sanyi sai ta miƙo mini.

"Malam, ungo, kada ya lalace."

Ta san ba ni da haƙoran ƙanzo. Ni ma na san ta sani. Nakan karɓa in yi godiya.

Auta ya tsaya takarar kansila ya faɗi, ya sake tsayawa ya faɗi. Kowane karo Inna ta dafa wa waɗanda suka kayar da shi, shi kuma yana tsallake yana sharar gaban shagonsu, iska tana kai masa ƙanshi.

Zaɓen bana ma haka aka soma. An kafa rumfa, an jera kujeru har bakin titi. Giwa tana kan wuta cike da shinkafa, ƙannenta suna ɗauke da miya da nama. Aka ɗora rediyo a kan tebur, tsohon kansila ya zauna kusa da ita da sabuwar hula. Da hantsi aka fara karanta sakamako, mazaɓa bayan mazaɓa.

Ta farko, 'yan rawaya. Wani ya ce, "Bayan gari ne, ba su san komai ba." Ta biyu, 'yan rawaya. Aka ce a bari a shigo cikin gari. Aka shigo cikin gari. Mai rediyon yana karantawa a hankali, kamar shi ma yana sake duba takardar. Daga nan na ga wani ya tuna bai ɗaure akuyarsa ba. Wani ya kara waya a kunne ya fita, wayar da ban ji ta yi ƙara ba. Huluna suka fara saukowa daga kai suna shiga aljihu. Kafin a ce shugabancin majalisa da mafi yawan kujerunta sun koma tsallake, rumfar ta zama kujeru zalla.

Sai aka zo mazaɓarmu, aka ambaci sunan Auta kafinta.

'Yan tsallake suka yi tsit tukuna, don ba su saba cin zaɓe ba. Wani ya tambaya ko an ji daidai. Sannan titi ya ɗauka. Mutane suka ɓullo daga kowane lungu, masu babur suna danna ham, mata suna tafi, aka cicciɓi Auta aka tsayar da shi a kan bencin.

Na dubi Inna. Ta juya wa titi baya, ta tsuguna gaban murhu tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ta ja bakin zane ta goge ido.

"Malam, ɗanyen itace ka kawo mini yau. Dubi hayaƙi."

Itacen ya shekara a bushe. Na ce ta yi haƙuri.

Rana ta take. A tsallake jama'a sai ƙaruwa suke, abin da ke gabansu kuwa jarkar ruwa ce da kofi ɗaya. A nan ɓangaren abinci ya nuna, an janye wuta, babu mai ci. Sai ga matar Auta ta ratso motoci da gudu, mayafi yana zamewa.

"Yaya, kin ji?"

"Ina da kunne."

"Yaya, ba mu dafa komai ba. Shi ya hana. Wai kada mu dafa a sake yi mana dariya. Yanzu ga mutane kamar ƙasa."

"Shi ya aiko ki?"

"A'a."

"Na sani. Da ya aiko ki, da ba ƙanena ba ne."

Abincin ba nata ba ne, na masu rumfa ne, Inna kuwa ba ta taɓa kyauta da kayan wani ba. Ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta tafi gaban tsohon kansila. Yana zaune shi da direbansa da wasu dattawa biyu da ƙafa ba ta bari su gudu ba. Ya kashe rediyon.

"Ranka ya daɗe, abinci ya nuna."

"Hancina ya gaya mini, Inna."

"Ina mutanenka?"

Ya daɗe yana kallon tsallake. Sai ya nuna da haɓa. "Ga su can. Ga mai akuya, har ya samu hula. Ga wancan na gaba mai rawa, da safe shi ya goge mini kujera."

Direban ya fara dariya ya danne. Dattijon da kansa ya saki tasa, har sai da ya cire tabarau ya goge.

"To ai su aka dafa wa," ya ce. "Tunda sun ƙi zuwa wurin abinci, sai abinci ya bi su. Kawo sandar."

"Ranka ya daɗe, bayanka."

"Bayana ya huta daga yau."

Haka aka zura wa Giwa sanda. Tsohon kansila a gaba, da shuɗiyar hularsa a kai bai cire ba, direbansa a baya, wasu masu wucewa suka sa kafaɗa. Matar Auta da 'yan aikin Inna suka ɗauko tukwanen miya. Ni aka ba ni ludayi. Inna tana biye, hannu ɗaya a cikin mayafi.

Motoci suka tsaya mana. Wani direban bas ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, har tukunyar ma ta sauya sheƙa?"

"Ita ce ta ƙarshe," in ji dattijon. "Ta fi su kunya."

Da jama'a suka ga abin da ke tafe sai suka dare, hayaniya ta kwanta. Aka dire Giwa a gaban bencin. Dattijon ya miƙe yana haki, ya ɗaga kai ya dubi Auta.

"Kafinta, barka. Ga abinci. Kwatar ma na bar maka, ana nan ana dubawa."

Dariyar da aka yi sai da tantabaru suka tashi daga rufin shago. Auta ya sauko da sauri, ya cire hula, ya durƙusa ya kama hannun dattijon da hannu biyu. Da ya miƙe sai ya ga wadda ke tsaye a bayan tukunyar.

"Yaya."

"Ranka ya daɗe, Kansila."

"Haba, Yaya."

"To, Auta. Ga ta, ta tsallako."

Ya dubi Giwa, ya dubi sandar. "Ai ɗauko ta aka yi."

"Kai da kanka ka hau bencin? Ba ɗora ka aka yi ba?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki faranti, ta buge hannun kamar yadda take yi tun yana ƙarami. Ta karɓi ludayin daga hannuna ta danƙa masa.

"Naka yana ƙasa. In kana so, sai ka kai."

Aikin farko da sabon kansilanmu ya yi ke nan. Ya naɗe hannun riga yana zuba shinkafa, Inna tana zuba miya, tsohon kansila yana zaune a bencin 'yan rawaya da farantinsa a cinya yana kiran mutane ɗaya-ɗaya.

"Mai akuya, zo ka ci. An same ta?"

"An same ta, ranka ya daɗe."

"Madalla. Hular ta yi maka kyau."

Masu rawaya suka ci, masu shuɗi a aljihu suka ci, masu babur da 'yan talla da fasinjojin bas ɗin da bai tafi ba duk suka ci. Auta yana gumi, yana sunkuyawa, kafaɗarsa tana ƙara nutsewa cikin tukunyar. Can da la'asar muka ji ludayi ya bugi ƙarfe.

Ya ɗago. Bai dubi kowa ba sai ita.

"Yaya, an kai ƙasa."

Sai ta fito da hannunta daga mayafi. Ɗan kwanon ne, da cokalin kankara. Ta sunkuya cikin Giwa har ƙafarta ɗaya ta bar ƙasa, ta kankaro, ta cika, ta yayyafa miya kaɗan a gefe yadda yake so. Ya zauna a dandaryar ƙasa, da babbar rigar da ya aro, ya fara gurgura. Ana jin ƙarar daga inda nake. Ita kuwa tana tsaye a kansa tana faɗa: ya rame, matarsa ba ta matsa masa ya ci, wuyan rigar ya yi masa yawa, kuma kada ya kuskura damina ta same shi yana dubawa.

Har yanzu Inna tana dafa wa 'yan shuɗi in suna da taro, tana kuma dafa wa na tsallake. An fara haƙar kwatar, an sauke yashi da duwatsu a bakin layi. Tsohon kansila yakan zo da kujerarsa da safe ya zauna kusa da masu aikin, in an tambaye shi ya ce dubawa yake yi.

Na taɓa tambayarta, a hankali, wa ta dangwala wa a ranar zaɓen. Ta ɗaga murfi ta sunkuya cikin tururi, ta daɗe a haka.

"Malam," ta ce, "itacen gobe ka kawo busasshe."

Ɗan kwanon ba ya hawa katanga yanzu. Haƙorana sun huta.