Fuskar Mahaifiyata a Katun

Shekarun baya, ina zanen jikin motoci a tashar Daura. Ban yi boko ba, amma ka ba ni buroshi da fenti in zana maka zaki a bayan tirela har ka ja da baya.

Wata rana abokina ya nuna mini katun ɗin Japan a wayarsa. Na ce, "Kai, da gemuna?" Kafin mako ya zagayo ni ke bin sa ina neman ci gaba. Shi ya gaya mini wasu kamfanonin da ke yin su 'yan kallo ne irinmu suka kafa, daga ɗaki ɗaya, da takarda da fensir. Ya ce, "Da me suka fi mu? Kai ka zana, ni in haɗa a kwamfuta."

Aikin ba sauƙi. Ka ɗora takarda kan takarda a gilashin taga don ka hango ta ƙasa, ka ɗan matsar da hannu, ka sake zanawa. Damina guda na cinye a haka. Jarumar labarin manomiyar gyaɗa ce, kuma fuskar mahaifiyata na ba ta, da tsagen kumatunta da wushiryarta. Har ta rasu ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Abin da ya rage a kaina shi na juye a takardun nan.

Ranar da aka nuna shi a gidan kallo, bayan la'asar, na zauna a bencin gaba. Sai ga wata fara sol, idanu kamar faranti, kumatu sumul.

Na ce wa abokina, "Wace ce wannan?"

"Ita ce mana. Ɗan gyara na yi mata."

"Ina tsagen?"

"Haba malam, wa zai kalli katun da tsage? So kake a ce 'yan ƙauye suka yi?"

Samari na ta tafi. Na shaƙo wuyan rigarsa. "Ba ni takarduna."

Ya ce sun cika masa ɗaki, ya bai wa mai ƙosai ta bakin tasha. Hotunansu da ke kwamfuta kuwa, a kansu ya yi gyaran.

Da gudu na isa wurin matar. Uku na samu, sharkaf da mai: ƙafa ɗaya, fartanya, da ƙeya. Ta ce, "Malam, in da saura ka kawo, suna tsotse mai sosai."

Yanzu yana Kano, da ofis da ma'aikata, yana yin irin na Japan ɗin da yake so. Manya sun sulhunta mu, muna gaisawa a wurin biki da jana'iza. Amma kada wani ya ce mini na huce.

Ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Ni na ɗauki abu guda da ba ni da madadinsa na damƙa wa mutumin da ke jin kunyar fuskokinmu. Na gwada sake zana ta, hannuna ya ƙi. Yau in na rufe ido ina neman mahaifiyata, waccan mai manyan idanun ce take zuwa.