Taƙin Baba da Tarwaɗar Kwami

Shekarun baya, lokacin da rikici ya kore mutane daga Baga, na ɗauko mahaifina na dawo da shi gidana a unguwar Moduganari. Mutumin da ya yi rayuwarsa kaf yana su a Tafkin Chadi, sai ga shi a kan tabarma yana kallon bango. Ba ya hira, abinci sai an lallaɓa. Wallahi na tsorata, don ina ganin yana ƙarewa a gabana.

Ina da ɗan kwami a bayan gida da nake kiwon tarwaɗa. Ni ɗan masunci ne a suna kawai, ko ƙugiya ban iya ɗaurawa ba. Baba bai taɓa leƙa kwamin ba. A wurinsa kifin da ake ba abinci da hannu ba kifi ba ne.

Wata safiya na ciro guda ɗaya don in ga ko sun isa sayarwa, ga shi maƙwabci ya ari sikelina. Sai na ji Baba daga bayana ya ce, "Kwantar da ita a kan buhu."

Ya durƙusa. Ba ya iya ɗaga abu mai nauyi, amma ya buɗe yatsu ya auna ta daga kai zuwa wutsiya. Haka suke yi a tafki, tsawo ne ke gaya musu nauyi.

"Taƙi uku," in ji shi. "Kilo ɗaya da rabi. Ban taɓa kuskure ba."

Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka har na manta.

Da aka dawo da sikelin na ɗora ta a ɓoye. Kilo biyu har da ɗoriya. Abu ɗaya da ya rage masa ke nan, yaya zan ce masa shi ma ya tafi? Ina tsaye ina shirya ƙarya sai ya ce, "Nawa ta nuna?"

Na kasa. Na faɗa masa gaskiya.

Sai ya sa hannu ya latsa cikin kifin.

"Kitse ne," ya ce. "Hannuna na kifin tafki ne, wanda ke yawo yana neman abinci. Wannan zaune take ana ba ta, kamar ni." Ya goge hannu a riga. "Ciro wata. Sai na sake koyo."

Mun ciro, ya auna, na ɗora a sikeli, ya gyara lissafinsa. Daga ranar kwamin ya koma hannunsa, har faɗa yake mini in na makara da abincinsu.

Baba ya rasu bai sake ganin tafkin ba, Allah ya jiƙansa. Da na yi masa ƙaryar nan don tausayi, da ya gyaɗa kai ya koma kan tabarmarsa.