Man Shanu da 'Ya'yan Sauro

Mun bar gida ana sallame asuba, ni da maigidana, muka nufi Sabon Birni. Tun da ya ce tafiya ce ta mu biyu, na ɗauka irin ta littattafan da nake karantawa ce, har sabon lalle na sa. Sai a tasha na ga jakarsa cike da robobi da ludayi. Ashe 'ya'yan sauro za mu kwaso, waɗanda zai kammala binciken digirinsa da su, kuma dole su iso gida da rai.

Hanya ta ci ruwa, kuɗin mota ya hau, amma geron ƙauyen Tsamaye ya yi kore shar, na manta da ciwon baya. A bakin wani tafki ya tuɓe takalmi yana kamfato tsutsotsin sauron. Wani makiyayi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Malam, in sauro kake so, biyo ni ruga, kyauta ne."

A kan babur zuwa Isa, ina rungume da robobin, maigidana ya yi mini bayani. Akwai wani irin maiƙo da sauro bai iya ƙera shi a jikinsa, sai ya samo daga abinci. Maiƙon kuma bai tafiya shi kaɗai. Wani ɗan furotin ke ɗaukar sa daga hanji ya kai inda ake bukata, kamar ɗan kabu-kabu. In aka tare ɗan aiken nan, tsutsa ba ta yin fiffike. Ni dai abin da na riƙe: suna son maiƙo.

A kasuwar Isa muka sha fura mai sanyi, na sayi man shanu wajen wata Bafulatana. Da ya tafi sallar azahar, tausayi ya kama ni, na ɗiga wa roba guda. Man ya rufe saman ruwan, inda suke shaƙar iska. Kafin ya dawo sun kwanta.

Ya duba robar. Sannan ya ce, "Amarya, kin kashe su da so. Saura roba uku, za ni riƙe su da kaina."

Na ƙi ba shi. A cinyata suka iso gida, suna ta wutsil-wutsil. Na dawo da sanin cewa ba a juye wa abin ƙauna alheri gaba ɗaya. Man shanun da ya rage kuwa, a tuwonsa na sa, kaɗan-kaɗan.